Yadda Talo-talo Ya Auna Filin Ƙwallo Da Mazaunansa

Yara, ku matso! Wannan ba ji na yi ba, gani na yi da idanun nan nawa biyu, ni Baba Cindo mai rake. Ina tsaye a wurin da kurar rakena, tun daga farko har ƙarshe. Aji biyu na yi a yaƙi da jahilci, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

To, wani Talo-talo aka yi a Kurmin Kanya, garin ƙananan dabbobi: kaji, zabbi, zomaye, kurege. Shi ne Sarkin Fili, mai kula da filin ƙwallon garin. Girman kai gare shi har ba ya amsa sallama sai ya baza wutsiya tukuna. Akwai kuma Inna Bushiya, 'yar tsohuwa mai tambayar tsiya. Ko ruwa ka ba ta sai ta ce daga wace rijiya.

Ran nan sai ga Zalɓe ya sauka a dandali, tsaye a kan ƙafa ɗaya. Shi ne wakilin masu shirya gasar ƙwallo ta ƙasashen daji duka.

Ya ce, "Gari muke nema mai filin da zai ci 'yan kallo dubu goma. Kuna da shi?"

To fa! Filinsu ko zabbi ɗari ba ya ɗauka.

Sai Talo-talo ya baza wutsiya, fuuu! Ya ce, "Dubu goma kawai? Gulu-gulu-gulu! Ka ba ni wata uku. In baƙo ɗaya ya rasa wurin zama, a fige gashi ɗaya daga wutsiyar nan. In biyu, a fige biyu. Ku shaida!"

Zalɓe ya ce, "An shaida." Ya rubuta, ya tashi.

Kai, ranar garin nan kamar zai tsage! Zabbi na guɗa, zomaye na tsalle, ni kaina sai da na jefa hulata sama ta maƙale a reshe.

Aka kira magina, gara da zanzaro. Suka ce, "Ranka ya daɗe, kowane wurin zama yaya faɗinsa?"

Talo-talo ya ce, "Ku dai ku kwaɓa laka. Awo nawa ne."

Kun san me ya yi? In an shimfiɗa ɗanyar laka, sai ya zo ya zauna a kai, daɓas! Ya tashi. Gurbin da ɗuwawunsa suka bari, shi ne kujerar mutum ɗaya. Ya matsa gefe, daɓas! Ya tashi. Haka ya yi ta yi, wata biyu cur, har sau dubu goma. Ƙofa kuwa, ya tsaya ya baza wutsiya aka ja layi dama da hagu. Ƙofa ɗaya tal. Katanga ya ce a kai ta sama sosai, kada wani ya yi kallo ta baya bai gaishe shi ba.

Inna Bushiya ta zo ta leƙa wani gurbi, ta shinshina, ta ce, "Sarkin Fili, tambaya gare ni."

"Na sani, ba kya rasa ta. Mece ce?"

"Baƙin nan da za su zo, duk talo-talo ne?"

"Me kike nufi, ke 'yar ƙaya?"

"Na ji an ce da Giwayen Kudu, da Ɓaunayen Yamma, da Dorinan Babban Kogi. Ka taɓa ganin dorina ta zauna?"

"Zama ai zama ne! Wa ya fi ni cika wuri a duk faɗin dajin nan? Dube ni!"

"Na dube ka. Ruwan da za su sha fa? Inda za su sauka fa? In ciki ya murɗa wa giwa, ina za ta zaga?"

Talo-talo ya yi ja har wuya. "Ke da ko tsayin ƙwallon ba ki kai ba za ki koya mini fili? Fice mini!"

Ta fice. Amma ba gida ta tafi ba. Ta tara zomaye da gafiyoyi suka nufi fadamar bayan gari, wadda tuddai biyu suka sa a tsakiya. Suka cire ƙaya, suka cike ramuka, suka haƙa rijiyoyi shida, suka share ƙarƙashin kanya. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Masaukin baƙi ne." Talo-talo in ya wuce sai ya ce, "Sannu da noma, Inna!"

Wata uku suka cika, Zalɓe ya dawo duba aiki. Shi kuma kun san shi, siriri kamar kara, ya shige ƙofar sumul. Ya bi gurabe yana ƙirga da baki har dubu goma. Aka kira zabbi suka zazzauna, kowace ta shige daram. Zalɓe ya ce, "Lissafi ya cika. An ba ku gasa!"

Ranar buɗewa, wayyo yara, da kun ga hanya! Ƙasa na girgiza tun hantsi. Giwaye da kakaki, ɓaunaye da ganguna, birai a kan bishiyoyi suna ta ihu, jiminai sun sha kwalliya. Rakena kafin azahar ya ƙare ƙaf, wata giwa ɗaya ta haɗiye dami uku tana ce mini ɗanɗanawa take.

Talo-talo tun da sassafe ya shige fili shi kaɗai, ya hau kujerar da ta fi kowace tsawo, ya baza wutsiya, don duk wanda ya shigo shi zai fara gani.

Wadda ta fara isa ƙofa ita ce Gwaggo Dorina. Kwana tara ta yi a hanya, don ɗanta ne mai tsaron gidan Dorinan Babban Kogi, kuma su za su buɗe wasa da Giwaye. Ta ce, "Ku ba ni hanya, layin gaba nake so!" Ta sa kai, ya shiga. Ta sa kafaɗa, ta shiga da ƙyar. Ta yunƙura, sai ji kake ƙiiiƙ! Ciki ya toshe ƙofa. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi.

Ɓaunaye suka tura. Giwaye suka ja. Ko motsi!

Gwaggo Dorina ta ɗaga ido ta ga gurabe, ta ce, "Kai tsuntsu! Waɗannan 'yan kwanukan na mene ne?"

Talo-talo ya ce, "Ku... kujeru ne, Gwaggo."

"Kujeru? Ko haƙorina ɗaya ba zai zauna a nan ba! Wa ya auna?"

"Wani ne. Ya yi tafiya."

Can waje jama'a ta fara fushi. Raƙumin dawa ya miƙa wuya ta kan katanga, ya juyo ya ce, "Jama'a, ba kowa ciki sai wani tsuntsu yana karkarwa."

Zalɓe ya rikice, yau kam har ƙafa biyu ya sauke. Ya ce, "Shi ke nan, a kai gasa wani gari!"

Sai wata 'yar murya daga ƙasa ta ce, "Yallaɓai, kafin a kai, ku biyo ni." Inna Bushiya ce. Ta shige gaba tana tafiyarta ƙis-ƙis-ƙis, dabba dubu goma na bin ta a baya. Da suka isa fadama, giwaye suka baje a tudun dama, ɓaunaye a na hagu, birai a kan kanya, kaji da zomaye a gaba. Ga ruwa, ga inuwa, kowa ya zauna daidai faɗinsa. Aka kafa gora aka ɗaura raga, alƙali ya hura usur, fiiit!

Kai, wasa! Ɗan Gwaggo ya kwanta a bakin raga, ba ta inda ƙwallo za ta bi. Giwaye suka buga, suka buga, suka gaji. Saura kaɗan a tashi, Dorinai suka zura ɗaya. Ihun da aka yi, sai da kanya ta zubar da 'ya'yanta duka!

Talo-talo yana ciki yana jin ihu. Ya yi tsalle zai haye katanga, tim, ya faɗo. Ai shi ya ce a kai ta sama.

Bayan la'asar aka dawo ceton Gwaggo. Aka dafa miyar kuɓewa tukunya arba'in aka kwarara mata a haƙarƙari. Giwa shida suka ja, sulluɓ! Ta fito.

Zalɓe ya buɗe takarda ya ce, "Sarkin Fili, baƙo nawa ya zauna a filinka?"

"Ba... babu."

"Gashi nawa ne a wutsiyarka?"

"Sha takwas."

"Ba za su kai ba, amma a fara."

Gwaggo Dorina ta ce, "Ku bar mini. Kwana tara na yi a hanya ban ga ɗana ya kama ƙwallo ko ɗaya ba." Ta fige su ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana ƙirgawa da ƙarfi. Da ta gama, Talo-talo ya yunƙura zai baza don ya yi magana, ba abin bazawa. Ya bi bayan katanga a guje.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, ga shi: in za ka yi baƙi, kada ka auna su da jikinka. Tambayi su wane ne, yaya girmansu, me za su sha, ina za su sauka. Kuma mai yi maka tambayar da ba ka so, saurare shi tun laka tana ɗanya.

Yauwa, abu ɗaya ne na ƙara daga aljihuna, kada ku ce Baba Cindo maƙaryaci ne. Kuɓewar nan ni na sa ta, don na fi son ta. Karkashi aka dafa.