Shafukan da Baba Ya Bari a Buɗe

'Yan uwana na wannan shafi, akwai wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda mantuwa ta fara kama shi. Sai ya samo wa kansa dabara. Duk abin da ya faɗo masa a rai, sai ya neme shi a waya, ya bar shafin a buɗe, ba ya rufewa.

Da safe yakan zauna bakin taga yana murza su ɗaya bayan ɗaya. Ga tashar da ya fara aiki. Ga wata gada a kan kogi, hazo ya rufe rabinta. Ga irin furen da marigayiya matarsa take shukawa a tsohon bokiti. Yana kallo yana murmushi, kamar mai leƙen gari ta tagar jirgi.

Ran nan babban ɗansa ya zo gaishe shi, ya ɗauki wayar.

"Baba, wannan ai juji ne. Shi ya sa take tafiyar hawainiya."

Autar gidan, wadda ita ke kula da Baba, tana kan keken ɗinki ta ce, "Yaya, don Allah ka bar masa."

"Ke me kika sani banda zare da allura?"

Ya danna sau ɗaya, duka suka tafi. Ya yi sallama yana jin ya yi aikin lada.

Washegari Baba ya buɗe waya, fari fat. Ya juya ta, ya duba bayanta. Shayinsa ya huce bai taɓa ba.

"Auta, ina za ni ne? Kamar na sauka a tashar da ba tawa ba."

Ta ajiye ɗinkin mutane ta zauna a gefensa. Ta karɓi wayar, ta danna ɗigo ukun nan na saman fuskarta, ta shiga tarihin wayar, inda shafukan da aka rufe suke. Ba ta yi gaggawa ba. In ta maido ɗaya sai ta ce, "Baba, nan ina ne?"

"Gadar nan? A hankali ake hawanta. In ka kai tsakiya sai ka ji kamar jirgin a kan gajimare yake."

Haka suka wuni. Wasu tsofaffin shafukan ba su dawo ba, shi ma bai tuna me ke cikinsu ba. Waɗanda suka samu ta adana su wuri guda don kada su sake ɓata.

Da Yayan ya ji labari ya dawo jiki a sanyaye, ya miƙa hannu. "Kawo in gani, Baba."

Baba ya dube shi ya daɗe, sannan ya tura wayar cikin aljihun Auta.

"Bawan Allah, fasinja ba ya taɓa inji. Zauna can baya, ni da abokiyar aikina za mu kai ka."

Yayan ya zauna a can bayan, idonsa ya ciko.

Darasi: Abin da kake gani tarkace a hannun tsoho, wataƙila da shi yake riƙe da ransa. Ku tambaya kafin ku share, 'yan uwana, ni kaina tsoron ranar da mantuwa za ta kama ni nake ji. Ku tura wa duk mai iyaye a raye.