Ayabar Biri Mai Rowa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo!

Biri ne ya je kurmi ya dawo da ɗan tsiron ayaba guda ɗaya. A lokacin duk garin dabbobi babu mai ayaba a gida. Ya dasa a tsakar gidansa, ya zuba taki, kullum tulu uku na ruwa. Ya ce daga yau kowa ya kira shi Mai Ayaba, kuma shi kaɗai ne Mai Ayaba har abada.

Maƙwabciyarsa Bushiya, katanga ce kawai tsakaninsu. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, in ta yi ɗa a gindi, a taimaka mini da guda."

Biri ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke? Da wannan ƙayar? In kika yi ayaba, ni kuma a kira ni wa?"

Ana nan, ana nan, sai ga ɗan tsiro ya leƙo a gindin ayaba. Biri ya ɗauko fartanya. Ayaba ta ce:

"Biri, Biri, bar mini ɗana,
Haihuwa ɗaya nake yi a duniya,
In na tafi, wa zai tsaya?"

Biri ya ce, "Rufe mini baki! In na bar shi wani zai roƙa." Ya haƙe shi har saiwa, wai don kada ya sake fitowa, ya wurga bayan katanga. Tim! A gaban Bushiya. Ta ɗauka ta dasa a bakin rariya, inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya.

Na biyu ya leƙo. Ayaba ta yi waƙarta. Biri ya haƙe, ya wurga. Tim! Bushiya ta dasa.

Na uku ya leƙo. Ayaba ta yi waƙa har muryarta ta dushe. Biri ya haƙe, ya wurga. Tim! Bushiya ta dasa. Ku ji wauta, yara, shi da haƙa da gumi, ita ko na gode ba ta ce ba.

Ayabar Biri ta haihu, ta nuna jawur. Ya hau katanga yana ci, yana jefa wa masu wucewa ɓawo. Ko ɗaya bai ba kowa ba. Da ya cinye, ya zauna jiran wata haihuwar. Sai ganye ya bushe, gindi ya ruɓe, rannan ayaba ta kife rim!

Biri ya ce, "Tashi mana, ni ne Mai Ayaba!"

Ta ce, "Sau uku na faɗa maka."

Ya tona gindin, ya tona, ko tsiro ɗaya babu. Sai ya ji hayaniya a maƙwabta. Ya leƙa. Ayaba uku tsaye, kowacce da 'ya'yanta kewaye da ita, ga Zomo da Kurege da Kunkuru suna fita, kowa riƙe da ɗan tsiro, suna cewa, "Mun gode, Mai Ayaba!"

Biri ya ji kamar ya mutu don baƙin ciki. Ya zagaya, ya yi sallama, ya durƙusa, wutsiya a ƙasa. Ya ce, "Yaya Bushiya, a taimaka mini da guda."

Ta ce, "Yau ni ce Yaya? Me zai hana, ai jikokin ayabarka ne. Koma gida ka tsaya a gindin katanga, ta hanyar da suka zo za su koma."

Ya koma ya tsaya, ya ɗaga kai. Tim! A tsakiyar goshi.

Ƙurunƙus, kan ɓera a gindin ayaba. Wanda ya hana maƙwabci iri, ranar da nasa ya ƙare shi zai je roƙo.