Yadda Alhaji Anas Ya Zama Ɗalibin 'Yarsa

Yabo na Allah ne, wanda yake zuba sani a ƙirjin bawan da ya so, ya kuma tsare masa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya zauna a Makera ya san Malam, Allah ya ƙara masa yarda: masani mai zurfi, faƙihi mai tsantseni, wanda ya tsufa a kan buzu ɗaya yana karantar da magidanta, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ya miƙa hannu ga abin wani ba. Mutum ɗaya ne kaɗai a duk kudancin kogin Kaduna yake da ƙara a kansa, shi ne Alhaji Anas mai yadi na kasuwar Kakuri. A faɗarsa, tun da aka rufe masaƙu aka sallami magidanta, ba a yi wa wani bawan Allah irin zaluncin da aka yi masa ba. Mutum mai kamala kamarsa, wanda ba ya fita da hular da karinta ya kwanta, wanda ƙamshin turarensa yake riga shi shiga masallaci, a ce an zaunar da shi a kan benci a bainar jama'a, yarinyar da shi ya yanka wa ragon suna tana tsaye a kansa tana ce masa ya maimaita.

Ga yadda abin ya faru. Alhaji Anas yana da 'ya mai suna Safiya, yarinya mai natsuwa da kaifin fahimta, wadda ba ta da buri sai na shiga makarantar koyon aikin jinya. Da ta rubuta jarrabawar kammala sakandare, ta ci komai sai bayoloji, wanda kuma ba a ɗaukar kowa a makarantar nan sai da shi. Ba rashin karatu ba ne, domin a gida tana iya zayyano babi guda ba ta duba littafi ba. Ita dai ta ce da aka ajiye mata takarda sai kanta ya zama wayam, ta zauna tana kallon tambayoyi har aka ce a ajiye biro. Da aka sake yi mata rajista, sai ta gaya wa mahaifiyarta, Hajiya Asabe, cewa in ta sake faɗuwa ta haƙura da karatu har abada. Hajiya ta san 'yarta ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, ga shi kuma tana gani yarinya ta rame, tana buɗe littafi hawaye na zubo mata.

Shi kuwa Alhaji tuni ya gano cutar: baki ne. Har ya san bakin wa. Maƙwabciyarsa a kasuwa, Madam Rebecca mai kayan masarufi, wadda kowa ke kira Maman Peace, ta taɓa cewa yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa, ba ta kuma ce tubarkalla ba. Nan take ya hana Safiya karatu tare da Peace, ƙawarta tun firamare, ya tara mata zabibi da zuma da lubban, abin da duk aka ce yana ƙara hadda. Ya kuma ci gaba da abin da ya saba, wanda a wurinsa ƙarfafa gwiwa ne: da ta kawo masa abinci shago sai ya ce wa masu ciniki ga likita nan, ya sa ta jera musu sunayen ƙasusuwa da Turanci, in ta yi tuntuɓe a ɗaya ya kwashe da dariya ya ce likita ta kashe majinyaci.

Da ya ga ramar tana ƙaruwa, sai ya ɗauke ta suka tafi wurin Malam. Ya tsugunna ya yi gaisuwa, ya kwashe bayani tun daga farko, ya roƙi rubutu mai ƙarfi wanda zai toshe bakin maƙwabta. Malam, Allah ya ja zamaninsa, yana sunkuye yana jan carbi har aka gama. Sannan ya dubi inda yarinyar take ya tambaye ta wa take karanta wa abin da ta karanta. Ta ce babu kowa. Ya yi mata addu'a mai tsawo, ya umarce ta da ta riƙa kwanciya da wuri, ta yi karatu kaɗan bayan asuba, kada ta wuce inda ta fahimta, bayan la'asar kuma ta koyar da abin da ta karanta da bakinta, littafi a rufe.

“Abin da kika koya wa wani ya zama naki,” in ji Malam.

Alhaji ya yaba wannan hikima ƙwarai, ya ce akwai ƙannenta a gida, za a tara mata su.

Malam ya ce, “Kai za ta koya wa, Alhaji. Ka tambaye ta don ka sani, kada ka tambaye ta don ka gwada ta. Kuma ka kira ta da sunan da ka raɗa mata.”

Babu wanda ya gaya wa Malam zancen likita. Alhaji ya lura da haka, tsigar jikinsa ta tashi. Sai bayan sun hau keke napep za su koma ya tuna ba a ba shi rubutun ba.

To, bayan la'asar lokacin ciniki ne, ba ya iya barin shago, don haka a ƙofar shagon aka kafa makaranta. A nan ne Alhaji yake cewa duniya ta ga bayansa. Masu keke suna wucewa suna danna masa oda suna gaishe da ɗan makaranta. Abokan cinikinsa suna tsayawa su tambaya ko an tashi tara. Maman Peace, wadda ta san sarai abin da ake zarginta da shi, ta leƙo daga shagonta ta ce, “Alhaji, ai kai yadi ba ya maka wuya, a yanko na yunifom mana, ni zan biya ɗinki.” A ranar abinci bai shige shi ba.

Saɓa wa Malam ba abu ne da zai yiwu ba, wannan ko a mafarki. Sai ya nemi wata hanya: ya ƙudura zai zama daƙiƙin da ba a taɓa gani ba, har yarinyar ta gaji don kanta ta sallame shi, laifi kuwa ba nasa ba. Ranar da ta zo kan zagayawar jini, ya gyara zama, ya ja murya kamar mai jin barci, ya ce shi fa shekarunsa da yawa a masaƙa, bai taɓa ganin ruwa ya hau bene ba sai da inji ya tura shi. To jinin da ya gangara tafin ƙafa, wa ke dawo da shi sama? Safiya ta yi masa bayanin yadda naman ƙafa yake matsa jijiya in mutum ya motsa, da wasu ƙananan ƙofofi a cikin jijiyar waɗanda ba sa buɗewa sai ta sama. Ya gyaɗa kai. Washegari ya sake tambayar, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa ji ba. Ta sake masa da wani misali. Jibi ma haka.

Ba ta gaji ba. Abin da ya faru ma ya fi haka muni a wurinsa: ta ce zanen zuciya yana ba ta wuya, Peace ce gwanarsa, ga shi kuma Baba ba ya ganewa sai da zane. Ba shi da bakin hanawa tunda shi ya ce bai gane ba. Haka Peace, wadda ita ma take shirin jarrabawar, ta zo da kwalin da ake naɗe yadi ta zana masa zuciya, malamai suka zama biyu a kan ɗalibi ɗaya. In ɗaya ta manta sai ɗayar ta cike mata, in suka yi gardama sai su buɗe littafi su raba. A hankali muryar Safiya ta dawo, ta fara cin abinci, har wata rana aka ji ta tana dariya tana cewa, “Haba Baba, ai jiya na gaya maka.” Shi ma Alhaji, ko da yake ba ya son a faɗa, wata rana ya dubi ƙafafunsa da suke kumbura saboda yawan zama a shago, ya yi tambayar da gaske, ya kuma saurari amsar har ƙarshe.

Ranar jarrabawar bayoloji ya saka babbar riga ya kafa hula zai raka ta har bakin ƙofa, sai ga saƙon Malam cewa ya bar ta ta tafi da ƙawarta, shi ya zo zaure. Ya je ya zauna a cikin magidanta masu ɗaukar karatu, jikinsa a nan, hankalinsa a can. Hantsi ya ɗaga, Malam yana tsakiyar fassara wata mas'ala ta tsarki, sai ya tsaya cak. Ya rufe ido, carbin ya tsaya a hannunsa, gumi ya tsattsafo a goshinsa alhali garin da sanyin ruwan da aka yi da safe. Zauren ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar keke daga titi. Can ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba:

“Alhaji, yi tambayarka.”

“Wace tambaya, Allah ya gafarta Malam?”

“Ta jini.”

Alhaji bai taɓa kawo wa Malam zancen wannan tambaya ba, domin ita ce makamin dabararsa. Kunya ta rufe shi, ya faɗe ta a gurguje, ƙasa-ƙasa. Malam ya ce ya yi ta kamar yadda yake yi a shago. Sai ga dattijo cikin babbar riga, a gaban manyan mutane, ya ja murya kamar mai jin barci yana tambayar wa ke dawo da jinin da ya gangara tafin ƙafa. Babu wanda ya yi dariya, kwarjinin wurin ya hana. Malam ya yi hamdala, ya buɗe ido, ya ci gaba da mas'alar daga kalmar da ya tsaya.

Da Safiya ta dawo gida, ga abin da ta gaya wa iyayenta. Ana raba takarda abin bara ya dawo mata: rubutun ya zama kamar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta daɗe a haka, har ta ajiye biro ta yanke shawarar miƙewa ta fita. Sai ta ji muryar Baba daf da kafaɗarta, ras, har da jan nan nasa, sai da ta waiwaya mai sa ido ya harare ta. Dariya ta so kuɓuce mata. Ta fara ba shi amsa a zuciyarta kamar yadda ta saba, tana gamawa sauran karatun ya biyo baya, kamar an kama bakin yadi an ja bandir yana warwarewa. Tambayar jinin ma ba ta fito a takardar ba. Da aka tambaye ta lokacin, ta faɗi abin da ta gani a agogon bango, ya zo daidai da lokacin da waɗanda suke zauren suka shaida.

Kowa ya ji wannan labari sai ya yi tasbihi, ya san Allah yana da bayin da yake yaye wa labule. Alhaji Anas ma ya yi tasbihi, sai dai ya fahimci abin ta wata fuska. A ganinsa, ai muryarsa aka zaɓa a duk muryoyin Kakuri. Kafin sakamako ya fito babu mai sayen yadin da bai ji yadda muryar Alhaji ta ratsa bango ta shiga ɗakin jarrabawa ba.

Sakamako ya fito, Safiya ta ci bayoloji da daraja mai kyau, Peace ma haka. Suka tafi yi wa Malam godiya, Hajiya Asabe da Safiya suna daga bakin ƙofa, Alhaji a gaban buzu. Bayan addu'a ya kasa daurewa, ya juya ga mutanen zaure ya fara cewa shi dama ya san muryar uba ba ta faɗuwa ƙasa banza, ya waiwaya ya ce Safiya ta gaya musu da bakinta.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce a hankali:

“Bara ma muryarka na ji, Baba.”

“Bara? Me na ce?”

“Ka ce ga likita nan, kowa ya zo ya gani. Shi ne komai ya ɓace mini.”

Ba ta faɗa da zafi ba, da ladabi ta faɗa, shi ya sa ta shige shi. Alhaji ya dubi Malam ko zai cece shi. Malam bai zarge shi ba, bai kuma wanke shi ba.

“Allah ne mai jiyarwa, Alhaji. Naka shi ne ka zaɓi abin da za ta ji.”

Hawaye ya gangaro kan wuyan babbar rigar, bai share ba. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ashe ni na kayar da ita. Na bi kasuwa ina neman mai laifi, na ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba, ga shi a cikin rigata.” Ya juya ya nemi gafarar 'yarsa a gaban mutane, ita kuma ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana cewa ya daina. Daga zauren bai nufi gida ba, shagon Maman Peace ya wuce.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah ya gudanar a hannun bawansa, wanda har yau in aka tuna masa sai ya ce shi bai yi komai ba, yarinya ce ta yi karatunta. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana cikin ɗa'a, ya ɗaukaka darajarsa, ya sa mu cikin albarkar zama kusa da shi. Ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu, ya tsare musu abin da suka koya a ranar da za a tambaye su, ya kuma tsare su daga harsunanmu. Amin.