Albasar Kwaɗin Baba Datti

Akwai wata baiwar Allah a unguwar Kurmin Mashi da ke Kaduna, sunanta Bara'atu. Ɗinki take yi a baranda. Tun da mijinta ya rasu take zaune a wani ƙaramin gida na yayanta Faruk, wanda ke aikin gwamnati a Doka.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu, aka ɗauko mahaifinsu Malam Datti daga ƙauyensu da ke bayan Zariya, aka kawo shi wurinta. Tsohon manomi ne, jikinsa da sauran ƙarfi, sai dai mantuwa ta shige shi. Ba irin tamu ta "ina na ajiye mukulli" ba. Ya manta matarsa ta rasu, ya manta sunan garinsu, ya manta 'ya'yansa.

Idan Bara'atu ta kawo masa koko da safe, sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ki gaida mutanen gida."

Sai ta koma kan keke ta yi ta taka shi, hawaye na ɗiga a kan atamfar mutane. Abu ɗaya take roƙon Allah: kafin Baba ya bar duniya, ya dube ta ko sau ɗaya ne ya kira sunanta.

Ta yi ta gwada shi. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, dube ni da kyau. Wace ce ni?"

Sai ya yi murmushin kunya, ya sunkuyar da kai. Ranar ko abinci ba zai ci ba, don ya san an tambaye shi abin da ya kamata ya sani, ya kasa.

Amma akwai tambaya guda da ba ta taɓa ɓace masa ba. Kullum bayan la'asar sai ya kalli sama, ya kalli gindin katanga, ya ce, "Ta fito kuwa?"

"Wa, Baba?"

Kallon katangar kawai yake ci gaba da yi. Sai wata rana ya girgiza kai ya ce, "Albasar kwaɗin nan ta makara bana."

Bara'atu ta tsaya cak da almakashi a hannu.

'Yan birni, na san wasunku ba ku taɓa ganinta ba. Tsiro ne na daji da ke fitowa a bakin fadama. Gindinta kamar babbar albasa, amma ba a ci. Da rani ganyenta ya bushe, ka rantse babu komai a wurin. Da damina ta kankama sai ta miƙo kara guda, ta buɗe manyan furanni farare masu jan zane a tsakiya. Haka take yi shekara da shekaru ba tare da kowa ya shuka ta ba.

Malam Datti yana da wata al'ada tasa. Ko duk gari sun fita shuka da ruwan farko, shi ba ya ɗaukar iri sai ya ji ta yi fure. Kuma Bara'atu ce, tana 'yar ƙarama, yake aika ta dubo masa. Ta ruga bakin fadama ba takalmi, raɓa na jiƙa mata zane, ta dawo da labari.

Da kaka ta yi, Bara'atu ta bar Baba wurin wata ƙanwar mahaifiyarsu da ta zo ziyara, ta hau mota zuwa ƙauye. Ta tarar an nome rabin fadamar an yi lambun tumatur. Can gefe, kusa da wani tsohon kututturen giginya, ta hango dogayen ganyen. Ta haƙo guda ɗaya da saiwarta, ta naɗe a tsohon zane, ta rungumo ta har Kaduna.

Ta dasa ta a gindin katanga, inda ruwan kwano ke zuba. Ta bar wuyanta a waje kamar yadda ta same ta, ta kewaye wurin da fasassun bulo saboda kajin maƙwabta.

Rani na shigowa ganyen ya yi rawaya, ya kwanta, ya bushe. Hankalin Bara'atu ya tashi. Ta shiga ba ta ruwa safe da yamma, har da ruwan wankin shinkafa, har da takin da ta roƙo wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Wurin ya zama taɓo.

Wata yamma ta ɗaga buta za ta zuba, sai ta ji an riƙe mata hannu. Baba ne.

"Hajiya, za ki ruɓar da ita," in ji shi. "Ba mutuwa ta yi ba. Tana ciki, barci take. Ki ƙyale ta, ita ta san lokacinta."

Ya koma tabarmarsa kamar bai ce komai ba. Ita kuwa ta daɗe a tsaye da butar a hannu, tana kallon ƙasa, tana kallon mahaifinta.

Daga ranar ta daina zuba ruwan. Daga ranar kuma ta daina tambayarsa ko wace ce ita.

In ta gama ɗinki sai ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da shi. Ya ce mata ga balbelu can sun sauka bayan shanu, ta ce ta gan su, alhali tankin ruwan maƙwabta ne kawai a wurin. Ya ce ta saurari kwaɗi, ta rufe ido, ƙarar A Daidaita Sahu ta yi nisa, har ta fara jin kamar da gaske kwaɗin ne. Wani lokaci tana jin sanyin laka a tafin ƙafarta, da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Su biyun suna zaune a tsakar gidan siminti a Kurmin Mashi, amma rabin ransu yana bakin fadama. Baba ya fara cin abinci sosai, ya fara dariya.

To, kun san ba a rasa mai leƙe. Akwai maƙwabciyarta Talatu, wadda in ta kawo ɗinkin ɗankwali sai ta ƙirga tukwanen gidan kafin ta fita. Ita ce ta hango bulon da aka kewaye.

"Bara'atu, me aka binne a nan ake ta gadi haka?"

"Albasar kwaɗi ce, daga garinmu."

"Uhm," in ji Talatu. "Mu dai a wurinmu gaɗali muke ce wa irin wannan."

A ƙasar nan, mace ta dasa abu mai kama da albasa wanda ba ya shiga miya, ta kewaye shi, tana zama kusa da shi kullum da yamma, ai ba fure mutane za su kawo a ransu ba. Asiri za su ce. Kafin mako ya zagayo, magana ta bi gidan suna da gidan biki har ta isa Kinkinau, gidan Faruk: wai ƙanwarsa ta dasa gaɗali ta mallake tsohon.

Faruk ba mugu ba ne, amma yana da girman kai, kuma akwai abin da ke ci masa rai. Duk lokacin da ya ɗauki Baba zuwa gidansa mai bene da na'urar sanyaya ɗaki, tsohon ba ya ko zama. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙo a mayar da shi wurin Hajiya. Babban ɗa guda, a ce mahaifinsa yana gudunsa? Da maganar Talatu ta zo, sai ta zo masa daidai da ciwon.

Ranar wata Asabar cikin bazara, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa, ya shigo da fartanya a hannu.

"Yaya, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Abin da kika binne na zo gani."

"Wallahi Yaya fure ne. Na Baba ne, wanda yake—"

"Fure? Ina furen? Ni ƙasa nake gani. Da iliminki na addini, Bara'atu, ki koma bin bokaye a cikin gidana?"

Ya ture bulon da ƙafa ya kafta fartanya. Sara na uku ya ɓantare gefen albasar. Ya tumɓuko ta, ya jujjuya, ya tona ramin da hannu yana neman laya ko allura ko ƙullin gashi. Babu komai sai ƙasa da saiwa.

Wani mutumin a nan zai ce a yi haƙuri. Faruk ya jefar da ita gefen rariya ya karkaɗe hannu.

"Ana gyara masa ɗaki a gidana," ya ce. "Na samu mai kula da shi. Da an gama zan zo in ɗauke shi, ko yana so ko ba ya so."

Bayan fitarsa Bara'atu ta yi kuka mai isarta. Ta san in aka kulle Baba a bene tare da baƙo, ɗan abin da ya rage a cikinsa ma zai tafi, kuma ba za ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Amma ba ta bi Faruk da baƙar magana ba, ba ta je ta tare Talatu ba. Ta ɗauko albasar, ta shafa toka a inda fartanya ta ji mata, ta ajiye ta a inuwa har ciwon ya bushe. Sannan ta mayar da ita raminta, ta jera bulon.

Ruwan farko ya sauka. Babu komai.

Aka yi na biyu, aka yi na uku mai iska har ya ɗauke wa unguwa wuta. Kullum da safe ta leƙa, ƙasa ce kawai. Ta fara cewa a ranta ƙila fartanyar ta kashe ta.

Sai wata safiya ta ga ɗan kore ya tsaga wuyan albasar. Ganye ya biyo baya. Daga gefe wani kara mai kauri ya miƙo, yana ƙara tsawo kullum, da ƙunshin toho a kansa. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Baba, don tana tsoron ranta ya sake ɓaci.

Ranar da Faruk ya aiko cewa zai zo ɗaukar Baba, an yi yayyafi da rana, gari ya yi luf. Ta haɗa kayan Baba a jaka tun azahar. Bayan la'asar ta fito da jakar, sai wani ƙanshi mai sanyi ya tare ta a baranda.

Sun buɗe. Manyan furanni farare, kowanne da jan zanensa, sun ɗan sunkuyar da kai, ɗigon ruwa na rataye a bakinsu.

Daidai lokacin Faruk ya yi sallama ya shigo, mukullin mota a hannu. Bara'atu ko ganinsa ba ta yi ba. Ta ajiye jakar ta ruga wurin tabarma, mace mai 'ya'ya manya, ɗankwali na zamewa.

"Baba, ta fito."

Malam Datti ya miƙe a hankali. Ya taka har gindin katanga, ya durƙusa, ya sa bayan yatsa ya taɓa fure ɗaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo, idonsa tar, irin kallon da ta yi shekaru ba ta gani ba.

"Bara'atu," ya ce, "kin sake fita ba takalmi ko? Je ki ce wa innarki ta fito da irin gero."

Ta durƙushe a wurin ta kama hannunsa, tana cewa, "To, Baba. To, Baba."

Faruk ya matso da sauri. Ya tsuguna ya cire hula.

"Baba, ni fa? Ga ni nan."

Tsohon ya dube shi da kyau, cikin mutunci da fara'a.

"Sannu, bawan Allah. Aiki kake nema? Ka zo gobe da sassafe, za mu yi shuka. Akwai fura."

Faruk ya kalli furen, ya kalli ƙanwarsa, hawaye ya gangaro masa har gemu.

"Zan zo, Baba," ya ce.

Da kansa ya ɗauki jakar ya mayar ɗaki. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Bara'atu, ki yafe mini." Ta ce ta yafe tun ranar.

Washegari Baba ya koma kiranta Hajiya. Furannin ma ba su daɗe ba suka yanƙwane. Amma ita ta riga ta ji abin da ta roƙa, kuma ya ishe ta.

Faruk kuwa ya zo da sassafen. Ya fasa simintin gefen katanga, suka shuka gero layi biyu shi da Baba. Har yau in ya tashi daga ofis, Kurmin Mashi yake fara biyawa, ya naɗe hannun riga ya yi ciyawa, tsohon yana yaba masa yana cewa yaron nan akwai ƙwazo, ko ɗan gidan wane ne. Faruk ba ya gyara masa. Yana dai zuwa, yana jira.

Darasi: Abin da ya yi shiru ba lallai ne ya mutu ba. Iyayenmu da tsufa ya ɗauke wa tunani suna nan a ciki, ba jarrabawa suke buƙata ba, ba kuma babban gida ba, zama da su suke buƙata da haƙuri. Kada ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci da maganar da aka kawo maka. In naka iyayen suna raye kuma suna gane ka, ka je yau. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai jinyar tsoho da ya gaji, ya samu ƙarfin gwiwa.