Ƙofar da Aka Rufe Ba Hayaniya

Mabiya, yau ga labarin da ya faranta min rai.

Akwai wata malamar lissafi da 'yan gidansu ke kira Tone-Tone, don ba ta ganin abu ta bar shi. Bayan aiki takan bi darussan kyauta na masu farautar ɓaraka a manhajoji, tana gwada hannunta a shafukan da aka gina da rauni da gangan saboda masu koyo.

Wata rana tana sayo wa mahaifiyarsu magani ta manhajar wani kanti, sai ta lura adireshin shafin rasitinta ya ƙare da lamba. Ta buɗe asusu na biyu, ta yi saye, ta cire lambar adireshin sabon rasitin ta sa ta rasitin farko. Rasitin Mama ya fito: suna, gida, da maganin ciwon da take ɓoye wa dangi. Ashe kowa zai iya ganin na kowa.

Yayanta, wanda ko atishawa ya yi sai ya wallafa, ya leƙo.

"Ɗauki hoto ki saki! Kafin yamma kin yi suna."

"Yaya, in na saki, ɓarayi za su riga kamfanin gani. Har da sirrin Mama a ciki."

Ya haƙura, amma bai so ba.

Ta rubuta wa kamfanin a asirce: "Manhajarku a buɗe take, ku gyara." Amsa ta zo a taƙaice: sun duba, ba su ga komai ba.

"To, malama," in ji Yaya yana dariya, "sun ba ki sifili."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Har ta ɗauki hoton, sai ta fasa. Ta koma kan darasin rubuta rahoto, wanda ta tsallake tun farko don a ganinta ba na gwanaye ba ne. Nan ta gane ta yi abin da take hana ɗalibanta: ta ba da amsa ba ta nuna aiki ba.

Ta sake rubutawa mataki-mataki: inda za a danna, lambar da za a sauya, abin da zai fito, da wanda zai cutu.

Wannan karon shugabar injiniyoyin kamfanin ce ta kira da kanta. Suka toshe ɓarakar, suka sa sunanta a shafin godiya, suka roƙe ta ta koya wa ma'aikatansu karɓar irin wannan rahoto.

Tone-Tone ta sake gwada lambar a gaban Yaya. Allon ya ce ba ta da izini. Ta yi tsalle kamar yarinya, Mama na tambaya daga ɗaki ko lafiya.

"Lafiya lau, Mama," in ji Yaya. "'Yarki ce ta rufa wa dubban mutane asiri."

Darasi: Gano aibi rabin aiki ne. Ka koyi yadda ake kai rahoto a asirce, dalla-dalla, da haƙuri. Ku tura wa duk wanda kuka san yana koyon wannan sana'a.