Ranar da Sanata Ya Riƙe Fartanya

Akwai wani lauya a Haiti mai suna Philoxène Valbrun. Safiyar Talata, 14 ga Agusta, 1962, ta same shi a bayan motar gawayi, sanye da rigar wani. Hadari ya haɗo tun asuba ya ƙi zubowa. Ko ganye ba ya motsi.

Kwanakin baya kaɗan sanata ne, kuma marubucin da ake karanta littattafansa a manyan makarantu. A kotu, in manomi ya yi masa magana da Kiriyol, harshen talakawan ƙasar, sai ya juya wajen tafinta kamar bai ji ba, alhali da harshen aka raine shi.

Wata rana ya miƙe a majalisa ya yi jawabi kan mutanen da ke ɓacewa. Gaskiya ya faɗa, amma tafin da za a yi masa ya fi damunsa. Ba a tafa ba. Washegari 'yan daban gwamnati masu baƙin tabarau suka fara tambayar gidansa, abokansa kuma duk suka daina saninsa.

Wuri ɗaya ya rage masa: gidan yayarsa Ismène, a tsaunukan bayan garin Jacmel.

A ƙauyukan Haiti ba a ƙetare shingen mutum sai an tsaya an ce, "Daraja!" an kuma jira amsa daga ciki: "Mutunci!" Zuwan Philoxène na ƙarshe, ana cikin makokin mahaifiyarsu, ya tura ƙyaure ya shigo da farin kwat, mai awon ƙasa na biye da shi, wai a yanka masa rabonsa na gonar gado. Ran nan Ismène ta ce masa, "Akuya ce ke shigowa haka. Fita."

Yau ga shi a bakin shingen nan. Yana hango ta tana gyara wuta a ƙarƙashin babbar tukunya.

"Daraja," ya ce.

Ba ta ɗago ba. Ta tura itace, ta hura.

"Daraja, Yaya!"

Ta juyo ta ƙare masa kallo, daga ƙurar gawayin da ke kansa har takalman birni da ke ƙafarsa.

"Ikon Allah. Tifilo," ta kira shi da sunansa na yarinta, "ashe ka iya maganar mutane? Ina tafintan naka?"

Can ƙasan kwari aka ji kukan mota tana hawowa. Ismène ta saurara, fuskarta ta canza.

"Mutunci," ta ce. "Cire takalman nan, jefa su a wuta."

Ranar gayyar gonarta ce. Maza sun jeru suna noma, mai ganga na ba su kiɗa. Ta ja shi tsakiyarsu, ta damƙa masa fartanya, ta shafa masa jar ƙasa a hannu da wuya. Duk sun gane shi. Akwai wanda ya taɓa rasa gona a dalilinsa a kotu, wani tsoho mai suna Dorléus.

Dorléus ya tofar da yawu. "Matso nan, ranka ya daɗe. Ƙarfen ne ke shiga ƙasa, ba ƙotar ba."

Aka yi dariya, aka matsa masa wuri.

Motar ta tsaya. Mutum uku suka tura ƙyaure suka shigo, babu wanda ya yi sallama a bakin shinge. Babbansu siriri ne mai taushin murya.

"Baba, ina ƙanenki sanata?"

"In kun gan shi ku gaya masa uwarsa ta mutu," in ji Ismène. "Ina jin bai sani ba har yanzu."

Siririn ya yi murmushi. Ya taka zuwa gona, yana bin layin manoma a hankali. Sai ya ɗaga murya da Faransanci mai kyau, kamar yana hira da abokan tafiyarsa.

"Kun san Valbrun bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba? Wani fadan coci ne ya rubuta masa. Ɓarawo ne, ɗan mai tallan rogo da ya ari kwat."

Jini ya hau kan Philoxène. A duk rayuwarsa bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Amsa ta taso masa har maƙogwaro, shiryayya, mai kaifi. Inuwar mutumin na kan ƙafarsa. Ya san in ya ɗago, ba shi kaɗai za a saka a motar nan ba.

Ya sara ƙasa. Ya sake sarawa. Tafin hannunsa ya fashe.

"Kai wawa, kana kashe mini masara!" Ismène ta daka masa tsawa, ta make masa ƙeya. "Dubi raggon da suka kawo mini, sai ci!"

Siririn ya tsaya jim, yana kallon gadon bayan nan da ya sunkuya. A lokacin ne aka yi tsawa, ruwa ya ɓarke. Direba ya yi ihu cewa rafi zai cika ya tare hanya.

"Za mu dawo, Baba," in ji siririn.

"Ku yi sallama in kun zo," ta ce.

Da ruwa ya tsagaita, Dorléus ya bi da shi ta hanyar awaki har bakin teku, wajen wani masunci.

Philoxène ya tsira zuwa Jamaika. Ba labarin da ke fitowa daga tsaunukan. Bai san ko motar ta koma ba. Ya sha zama da alƙalami don ya rubuta wa yayarsa, ya tashi, shi da shafuka ba su taɓa yi masa wuya ba. Ya san ana buɗe wasiƙu a hanya, ya san kuma Ismène sai an karanta mata.

A ƙarshe ya rubuta kalma ɗaya da Kiriyol, ba sa hannu: "Daraja."

Ya jefa ta a akwatin gidan waya, ya koma ɗakinsa yana jiran amsa daga ciki.

Darasi: Kada ilimi ko muƙami ya sa ka raina gidan da ya raine ka da harshen da aka goya ka da shi. Ran da manya suka rufe maka ƙofa, waɗanda ka wulaƙanta ne za su sa wuyansu don naka. Ku tura wa wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.