Agwagwa da Sikelin da Ya Yabe Ta

"Ga ta nan, yara, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Baba!"

"To, a gyara zama. Ba na maimaita magana."

Ranar Laraba, ƙarfe goma na hantsi daidai, Agwagwa ta shiga rumfar Kurege mai sayar da kayan girki. Washegari za a yi suna a gidan mijinta, kuma a karo na farko surukarta Dinya ta danƙa mata tukunyar miya. Ta gargaɗe ta: "Barkono layi biyu a sikeli. In miyar ta ɓaci, ke da tukunyar gidan nan har abada."

Kurege ya jera sikeli uku, ya ce, "Hajiya, ga dutsen awo, ki gwada su."

Agwagwa ta ce, "Dutse kuma? Ai ni na san nauyina."

Ta hau na farko, na baƙin ƙarfe. Kibiyar sikelin ta tsaya a layi tara. Ta sauka, ta ce, "Wannan ba shi da tarbiyya."

Ta hau na biyu. Layi tara. Ta ce, "Baki suka haɗa."

Ta hau na uku, mai jan fenti da ƙyalli. Shekara uku yana rumfar, cikinsa duk tsatsa. Da ƙyar kibiya ta taɓa layi ɗaya.

Kurege ya dafe ƙirji. "Allah sarki, Hajiya, ashe ramewa kike yi! Kada iska ta ɗauke mana ke."

"Kullum ina faɗa musu, ba sa yarda. Naɗe mini shi."

Washegari ta zuba barkono a kwanon sikeli. Kibiya shiru. Ta ƙara. Shiru. Ta ƙara, ta ƙara, sai da kwano ya yi tozo kibiya ta kai layi biyu. Ta juye a tukunya.

Cikin 'yan suna, Tunkiya ta ɗanɗana, ta fashe da kuka. Jaki ya ɗanɗana, ya ce ya tuna ya bar ƙofa a buɗe. Dinya ta ɗanɗana, ta ce, "'Yar nan, me kika zuba?"

"Layi biyu, Inna, yadda kika ce. Sikelina ba ya ƙarya."

Don kowa ya shaida, ta ɗauki ludayi. Ta sha na farko tana murmushi. Ta sha na biyu, murya ta dushe. Ta sha na uku, sai tafki!

Aka miƙa wa kishiyarta Kaza tukunya. Ita kuwa Agwagwa har yau tana cikin ruwa, tana tsoma baki, muryar ba ta dawo ba.

Saboda haka, wanda zai sayi ma'auni ya gwada shi da abin da aka san nauyinsa, kada ya zaɓi wanda ya faranta masa rai. Barkonon nan an ƙirga shi, na kuma rubuta: cokali arba'in da bakwai.

Ƙurunƙus, kan agwagwa.